Ku Tambayi Anti: Wai da can a Turai yarinya ce ke aurar da kanta?

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan saƙonni sun taru akan magana ɗaya kuma na san dalili, finafinan sarakunan Turai ne da kuke ta kallo a waya har data ta ƙare. Na tsamo guda huɗu, sauran ku yi haƙuri.

TAMBAYA: Anti dan Allah ki raba mana gardama ni da yayana. Shi yace wai Turawan da, wajen shekara ɗari biyar ɗari shida baya, sayar da 'ya'yansu mata suke kamar tumaki uba ya baki wanda yaga dama, ni kuma na taɓa jin malaminmu na tarihi yace a dokarsu in yarinya bata ce eh ba babu aure. Waye me gaskiya? Daga ɗaliba, Samaru Zariya.

AMSA: Ƙanwata kar ki ji haushi, ke da yayan naki kowa ya kama gefe ɗaya ne. Ke kin kama doka, shi ya kama abinda ake yi a cikin gida, kuma kin san waɗannan biyun ba kullum suke kwana ɗaki ɗaya ba.

A wancan zamanin maganar aure a yammacin Turai ba a hannun sarki take ba, kotunan coci ne ke cewa wannan aure ne wancan ba aure bane. Malamansu sun daɗe suna ja-in-ja akan me ke ƙulla aure, wasu suce sai an kwana tare wasu suce yarda kaɗai ta isa, har Fafaroma Alexander na uku da ya riƙe kujera daga 1159 zuwa 1181 ya tsayar da magana. In namiji da mace suka ce wa juna "na ɗauke ki matata", "na ɗauke ka mijina", da lafazin yanzu-yanzu, to shikenan aure ya ɗauru. Ba waliyyi, ba limamin coci, ba sadaki, ko shaidu ma ba sai da su auren ke inganta ba. In kuwa "zan aure ki" aka ce wannan baiko ne, ana iya warware shi, amma da zarar sun kwana tare bayan alkawarin ya zama aure. Kuma auren da aka ɗaura aka tare babu saki, sai dai mutuwa. Ki duba fa, tsakanin "na" da "zan" kawai.

Ita cocin ba wai son auren ɓoye take ba. A babban taron da aka yi a Lateran cikin birnin Roma a 1215 an ce dole a yi shela a coci kafin aure don wanda ya san wani cikas ya fito ya faɗa, wanda ya tsallake shela ya yi laifi za a iya hukunta shi, amma auren na nan daram. Shi yasa takardun kotunan coci na York da Ely da Landan suke cike da mutanen da suka ɗaura wa kansu aure a kicin, a gidan giya, a gona, a gindin bishiya, kuma yawancin ƙararrakin ba na neman rabuwa bane, na "ya aure ni yanzu yana musu" ne. A gaban alƙali kam sai da shaidu biyu, don haka mai wayo sai ta tabbatar akwai kunnen da ke kusa kafin ta buɗe baki.

Yanzu bari in baki labarin da zai sa yayanki ya yi murmushi. Akwai wani gida a yankin Norfolk na Ingila, gidan Paston, Allah ya sa wasiƙun da suka riƙa rubuta wa juna a ƙarni na 15 basu ɓata ba, har yau ana karanta su. Mutane ne da suka taso daga ƙasa, uban kakansu Clement manomi ne mai riƙe garma da hannunsa, ɗansa William ya yi karatu ya zama babban alƙali, daga nan sai filaye da auren manya. Kin san irin wannan gidan ya fi kowa tsoron a tuna masa asalinsa. A 1469 sai ta fito fili cewa 'yarsu Margery, mai shekara ashirin ko kusa da haka, ta yi wancan lafazin a ɓoye da Richard Calle, wato mutumin da ke kula musu da gonaki da karɓar kuɗin haya da lissafi. Ba ɓarawo bane ba mashayi ba, hasali ma shi ne ya fi kowa iya aiki a gidan, laifinsa ɗaya danginsa masu kanti ne a garin Framlingham. Yayanta John ya rubuta cikin fushi cewa ba zai taɓa yarda ƙanwarsa ta koma sayar da kyandir da mastad (wani kayan yaji) a Framlingham ba. Ƙwarya ta bi ƙwarya kenan, tattaɓa-kunnen manomi ne fa ke wannan maganar.

Aka raba su kusan shekara biyu, ba gani ba magana. Calle ya samu ya aika mata wasiƙa yana kiranta matarsa ta gaskiya a gaban Allah, yana roƙonta ta daure ta gaya wa uwarta gaskiya, ya ce kuma ta ƙona takardar in ta karanta. Ba a ƙona ba, gashi mu muna karantawa.

Ubanta ya riga ya rasu tun 1466, don haka uwarta Margaret da kakarta Agnes ne suka tafi wajen bishop, wato babban limamin coci na garin Norwich, Walter Lyhert, suna neman ya ja maganar. Ya ƙi, ya ce a kawo masa su. Kuma kar ki ɗauka yana bayan yarinyar ne, da ta zo gabansa sai da ya tuna mata gidan da ta fito, da dangin da za ta rasa, da kunyar da za ta jawo, ya ce ta maimaita masa ainihin kalmomin da ta faɗa ko a samu wata kafa. Ta maimaita, ta ƙara da cewa in waɗannan kalmomin basu isa ba za ta ƙara ƙulla shi tamau kafin ta bar wajen. Aka tambayi Calle shi kaɗai, maganarsu ta zo ɗaya, lokaci da wuri duk daidai. Bishop ya ɗage hukunci na 'yan makonni ko wani cikas zai ɓullo, bai ɓullo ba, aure ya tabbata.

To ga inda nake so ki tsaya. Ranar da aka fito daga wajen bishop, Margaret ta riga ta ba da umarni kar a buɗe wa 'yarta ƙofa. Limamin gidan ne ya tare ta ya gaya mata, sai bishop ne ya nema mata inda za ta kwana a cikin garin Norwich. Uwar ta rubuta wa babban ɗanta cewa kar ya sa abin a ransa, 'yar banza suka rasa ba wata ba. Wannan duk a makonnin da basaraken Norfolk ya kewaye musu katafaren gidansu na Caister da sojoji, yayan nata mai maganar mastad yana ciki, don haka ina ɗan yi wa Margaret uzuri, mace ce da wuta ta kama mata gaba da baya, amma wallahi kalmar ta yi nauyi. Abin dariyar shine Calle ya koma bakin aikinsa daga baya, don babu wanda ya san lissafin gidan kamarsa. Ma'aikaci ya dawo, suruki kam ba a karɓe shi ba. Sai a wasiyyar da Margaret ta rubuta a 1482 muka ga ta bar fam 20 ga John, ɗan Margery na fari.

TAMBAYA: Malama barka da aiki. 'Yata da ke jami'a ce take gaya mani wai a can da yaro da yarinya kan ɗaura ma kansu aure kuma ya zauna. To su iyayen zuba ido suka yi? Ni uba ne na 'ya'ya mata biyar, abin ya ɗaure mani kai. Daga wani dattijo, Maraɗi.

AMSA: Ranka ya daɗe Baba, Allah ya raya su ya basu mazaje na gari. Ina, basu zuba ido ba. Coci ta ƙwace musu kalmar eh ta ba yaran, amma gona da kuɗi da makullin ƙofa duk suna hannunsu, kuma da su suka yi aiki.

Na farko dukiya. A can ba miji ke kawo sadaki ba, gidan mace ne ke biyo ta da kuɗi ko fili zuwa gidan miji, shi kuma a yanka mata wani kaso na filinsa da za ta ci in ya riga ta mutuwa. Ka ɗauka kamar kayan ɗaki da gara ne amma a rubuce, da lauyoyi, ana ciniki kamar na shanu. Uba kan rubuta a wasiyya cewa 'yata za ta samu kaza in ta yi aure da shawarar uwarta ko wasiyyaina, in ta yi gaban kanta ba ta da ko anini. Wannan kotun coci ba ruwanta, aure ya ɗauru amma ku je ku ci soyayyar.

Sai duka, kuma a gidan Paston ɗin nan dai. Shekara ashirin kafin rikicin Margery, wajen 1449, ana cinikin aurar da gwaggonta Elizabeth ga Stephen Scrope, mutum mai shekara hamsin wanda matarsa ta mutu, ciwo kuma ya ɓata masa kama. Wata 'yar uwarsu ta rubuta wa yayan Elizabeth a ɓoye cewa tun bikin Ista ana dukanta sau ɗaya ko biyu a sati, wani lokacin sau biyu a rana, an fasa mata kai wuri biyu ko uku, an hana ta magana da kowane namiji ko baƙo ko bara. Uwarta Agnes ce ke wannan aikin, ita ce dai kakar da ta raka Margaret wajen bishop daga baya. Ƙarshe yarinyar ta ce ta yarda in dai filayensa ba a ɗaure suke ba. Auren ma bai yiwu ba, sai wajen shekara goma bayan nan ta auri wani. Amma Baba ka ga yadda ake samo eh ɗin. Doka ta ce auren da aka yi da tilas da tsoro ana iya rushe shi, sai dai tsoron sai ya kai irin wanda zai girgiza mutum mai dakiya, kuma sai kin kawo shaidu, su waye shaidun, mutanen gidan da aka dake ki. In kuma kin zauna da mijin kin haihu sai a ce ai kin yarda daga baya.

Kuma ba mata kaɗai ba. Shi kansa Scrope yana yaro mijin uwarsa, Sir John Fastolf mai gidan Caister na asali, ya sayar da riƙonsa da ikon aurar da shi ga wani babban alƙali akan mak 500, kuɗin lissafinsu na lokacin, har ya girma yana ƙorafin an saye shi an sayar kamar dabba. Haka tsarin yake, in mai fili ya mutu ya bar magaji ƙarami, sarki ko ubangidan filin ne ke da riƙonsa, yana iya sayar wa wanda ya fi tayi, mai saye kuma yawanci 'yarsa ko ɗansa yake wa tanadi. Da talauci ya kama Scrope shi ma ya sayar da auren ƙaramar 'yarsa, yana kukan ma an yi masa arha. Matan da mazansu suka mutu suka bar musu dukiya sun sha irin wannan matsin daga sarki, shi yasa a takardar Magna Carta, yarjejeniyar sarkin Ingila da manyan ƙasarsa ta 1215, aka sa cewa ba za a tilasta wa irin wannan matar aure ba muddin ta zaɓi zama ba miji, da sharaɗin ita ma ba za ta yi aure ba sai da izini. Talaka da ke ɗaure a gandun ubangida shi kuma sai ya biya wani kuɗi da suke kira merchet kafin ya aurar da 'yarsa.

Da masu kuɗi suka ga 'ya'yansu na haɗa baki da samari a "sace" su, sai majalisa ta yi doka a 1382, bayan ƙorafin wani Sir Thomas West da aka gudu da 'yarsa Eleanor, cewa macen da aka sace in ta yarda da wanda ya sace ta daga baya ta rasa gadonta, danginta kuma na iya kai ƙara ko ita bata so.

Amma kar in yi wa iyayen rashin adalci. Yawancin aure ba da bulala aka yi shi ba, shawara ce ta iyaye da dangi da iyayen gida, yaran kuma su ce sun gani sun yarda. Shi wannan yayan mai maganar mastad a 1477 ya nemi wata budurwa mai suna Margery Brews, tana sonsa yana sonta, cinikin kuɗin ya cije don ubanta ya ƙi ƙarawa, ita ta rubuta masa cewa in zai haƙura da abinda ya samu ita ce za ta fi kowace budurwa farin ciki, iyaye mata biyu suka shiga tsakani aka daidaita.

TAMBAYA: Anti wai da gaske ne 'yan shekara 12 ake aurarwa a lokacin? Daga wata uwa, Sabon Zango Accra.

AMSA: 'Yar uwa a doka haka ne, mace 12 namiji 14, baiko kuma tun daga shekara 7, in sun kai shekarun suna da damar su ce basu so. Amma masu yin sa da wuri haka gidajen sarauta ne da masu filaye. Margaret Beaufort an haife ta 1443, aka aurar da ita ga Edmund Tudor a 1455 tana 12 shi yana da ashirin da 'yan kai, ya mutu tana da ciki, ta haihu a Janairun 1457 tana 13. Yaron shine ya zama Sarki Henry na bakwai. Ta sake aure har sau biyu bata ƙara haihuwa ba. Da aka zo maganar kai jikarta ga sarkin Scotland tana ƙarama, ita da uwar yarinyar suka nuna basu so a yi gaggawa don tsoron kar a yi mata illa, ita ta san abinda ta gani.

Joan ta Kent ma wajen 12 take a 1340 lokacin da ta yi auren ɓoye da wani soja Thomas Holland, ya tafi yaƙi, dangi suka aurar da ita ga magajin basaraken Salisbury. Holland sai da ya samu kuɗi a yaƙin Faransa sannan ya kai ƙara gaban Fafaroma, a 1349 aka ce auren farko ne aure, aka mayar masa da matarsa bayan shekara takwas tana matsayin matar wani. Ita ce daga baya ta haifi Sarki Richard na biyu a wani auren.

Talakawan Ingila kuwa, musamman bayan annobar 1348 zuwa 1349 da ta rage mutane aiki ya yi daraja, yaro ko yarinya kan bar gida da ƙuruciya su tafi aikatau gidan wani shekara-shekara suna tara ɗan abin hannu, da yawa sai sun haura ashirin suke aure, kuma tunda uba na nesa ba shi da gonar da zai yi barazana da ita, sun fi 'ya'yan masu kuɗi sakewa wajen zaɓi. A Italiya labarin daban ne, ƙidayar harajin Florence ta 1427 ta nuna mata na aure wajen 18 maza wajen 30, kuɗin aurar da 'ya kuma ya yi tsadar da gwamnatin birnin ta buɗe asusu a 1425 inda uba ke zuba kuɗi tun tana ƙarama. Wadda ba a iya haɗa mata ba sau da yawa gidan zuhudu ake kai ta ta zama sista.

TAMBAYA: Anti ni fa tsarin nan ya burge ni, akwai wadda nake so iyayenta sun ce sai na gama gini. Yaushe Turawan suka daina, kuma me yasa? Daga saurayi, Jos.

AMSA: Ɗana je ka gama gininka. Kai da ka yi zaure ka san abinda Risala ta ce, babu aure sai da waliyyi da sadaki da shaidu biyu adalai, ta wancan gefen kuma iyaye su tuna da Khansa'u bint Khidam, bazawarar da ubanta ya aurar bata so Manzon Allah (SAW) ya rushe auren. Sauran bayani na malamai ne ba nawa ba.

Su Turawan sun daina ne don abin ya ishe su, har gadon sarauta sai da ya taɓa. Sarki Edward na huɗu ya auri Elizabeth Woodville a ɓoye a 1464, matar da mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya biyu, alhali manyan fadarsa na can suna nema masa aure daga wajen Faransa. Da ya mutu a 1483 sai aka taso da magana wai ai tun kafin nan ya riga ya yi lafazi da wata Eleanor Talbot. Ita ta mutu tun 1468, shi ya mutu, wa za a tambaya? Da wannan aka ce 'ya'yansa ba na halak bane, ƙaninsa ya hau gado a matsayin Richard na uku, majalisa ta sa hannu a 1484, yaran biyu maza da aka ajiye a Hasumiyar Landan ba a sake ganinsu ba.

Martin Luther, malamin cocin nan na Jamus da ya ɓalle daga Katolika, da mabiyansa sun yi ta sukar alkawarin ɓoye, garuruwansu da yawa suka sa yardar iyaye ta zama sharaɗi. Sarkin Faransa Henry na biyu ya ba iyaye ikon hana gado ga ɗan da bai kai 30 ba ko 'yar da bata kai 25 ba in suka yi aure babu izini. Katolika kuma a taron Trent a 1563 suka ce daga yanzu babu aure sai gaban limamin unguwa da shaidu biyu ko uku, amma da wakilan Faransa suka nemi a ƙara da yardar iyaye taron ya ƙi. Ingila da ta riga ta ɓalle daga Roma ta ci gaba da tsohon tsari har 1753, sannan aka yi dokar da ta ce sai a coci, wanda bai kai 21 ba kuma sai da izinin uba. Dokar bata shafi Scotland ba, sai masoya suka koma hayar keken doki suna tsallaka iyaka zuwa ƙauyen Gretna Green inda ko maƙeri ya isa ya tsaya musu, ba a rufe wannan ƙofar ba sai 1940.

Masu tambaya akan auren zumunci a wajensu, da yadda aka rage haramcin dangi daga mataki bakwai zuwa huɗu, na ga saƙonninku, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.